Harsashin da ya Dace da Barewa

A Sikotland, wanda zai fita farautar barewa ba shi da 'yancin ɗaukar duk bindigar da hannunsa ya kai gare ta. Wata doka ta shekarar 1985 ta ƙayyade masa abubuwa uku: nauyin harsashi, saurinsa a lokacin da yake fita daga bakin bindiga, da ƙarfin da yake ɗauke da shi. Ga manyan bareyi, dokar a asalinta ta ce kada harsashi ya gaza giram 6.5, kada saurinsa ya gaza mita 747 a daƙiƙa guda, kuma kada ƙarfinsa ya gaza kimanin jul 2,370. Ga ƙaramar barewar nan da suke kira ro, wadda ba ta wuce girman akuya ba, an sassauta zuwa giram 3.2 da jul 1,360. Wanda ya harbi dabba da abin da bai kai ma'aunin doka ba ya aikata laifi, ko da lasisinsa na aljihu.

(Na ari kalmar barewa ne domin sauƙin magana. Dabbobin da ake nufi, masu ƙaho mai rassa wanda ke zubewa ya sake tsirowa duk shekara, babu su a dazuzzukan Afirka ta Yamma, kuma ba danginsu ɗaya da barewarmu ko gada ko mariya ba.)

Abin da ya ja hankalina ga wannan doka shi ne alkiblarta. Mun saba jin hukuma tana hana makami saboda ya yi ƙarfi da yawa. A nan kuwa ana hana shi ne saboda ƙarfinsa bai isa ba. Ƙarnoni ke nan da aka ƙarar da kyarkeci a Birtaniya, don haka babu abin da ke rage yawan bareyi sai ɗan Adam, kuma idan aka ƙyale su sukan cinye ƙananan itatuwa har daji ya kasa farfaɗowa. Ana kashe fiye da 100,000 duk shekara a Sikotland kaɗai. Tun da kisan ya zama dole, sai tambaya ta koma kan yadda za a yi shi: shin dabbar za ta faɗi cikin 'yan daƙiƙu, ko kuwa za ta tsere da harsashi a ciki ta kwana uku tana mutuwa a cikin kurmi? Duk wanda ya taɓa ganin an kama rago ranar layya da wuƙa marar kaifi ya san bambancin da ake magana a kai.

Kafin a kai ga zaɓi, sai an warware rikicin sunaye. Kaliba, a asalin ma'anarta, faɗin ramin bututun bindiga ne, ko kaurin harsashin da ke bi ta cikinsa. Amurkawa da Turawan Ingila suna auna shi da inci, sauran Turai da milimita. Daga nan kowa ya kama gabansa wajen raɗa suna. .30-06 na nufin kaurin kashi 30 cikin ɗari na inci, wanda sojan Amurka ya fara amfani da shi a 1906. A .30-30 na 1895 kuwa, lamba ta biyu nauyin albarushi ce. A 7x57 da 6.5x55, lamba ta biyu tsawon kwanson harsashi ce da milimita. .270 Winchester, da aka fitar a 1925, ainihin kaurin harsashinsa .277 ne. Babu wata ƙa'ida guda da ta haɗa su, sai dai mutum ya haddace kamar sunayen unguwanni.

A aikinmu na jarida muna cin karo da wannan rikici fiye da yadda muke lura. Sau da yawa sanarwar 'yan sanda kan zo tebur tana cewa an kama harsasai kaza masu lamba 7.62, mu kuma mu buga haka. Amma harsashin AK-47, wato 7.62x39, da harsashin .308 Winchester, wanda ɗan'uwansa na soja ake kira 7.62x51, sunan farko kawai suka haɗa. Na farkon yana jefa giram 8 da saurin mita 715 a daƙiƙa, ƙarfinsa kimanin jul 2,000. Na biyun yana jefa giram 9.7 da saurin mita 860, ƙarfinsa ya doshi jul 3,600. Idan aka ɗora su kan ma'aunin Sikotland, harsashin AK-47, da duk ɓarnar da ya yi wa garuruwanmu, bai cika sharaɗin harbin babbar barewa ba. Misalin da ya fi wannan ban mamaki shi ne .22 da yara ke koyon harbi da shi a Amurka, da kuma .223: kaurinsu kusan ɗaya ne, amma na biyun ya ninka na farkon ƙarfi kusan sau goma, saboda kwansonsa ya fi cin albarushi nesa ba kusa ba. Kauri kaɗai ba ya gaya wa mutum komai. Ƙarfi yana fitowa ne daga nauyi da sauri, kuma sauri ya fi tasiri: a ninka nauyi, ƙarfi ya ninku sau biyu, a ninka sauri, ya ninku sau huɗu.

Sai dai ƙarfin da aka rubuta a jikin kwali ba shi ne ke kashe dabba ba. Abin da ke kashe ta shi ne rami a cikin huhu ko zuciya, wanda jini zai zuba ta cikinsa har ƙwaƙwalwa ta rasa iska. Shi ya sa mafarauta ke saita bayan kafaɗa kaɗan, inda huhu biyu da zuciya suka taru a wuri mai faɗin faranti. Aikin harsashi biyu ne, kuma suna hamayya da juna. Dole ya buɗe baki idan ya shiga nama, ya baje kamar naman kaza, domin ramin ya yi faɗi. Dole kuma ya riƙe kansa, kada ya tarwatse, har ya ratsa fata da tsoka da ƙashi ya kai inda ake so. Wanda ya buɗe da wuri zai fashe a kan kafaɗa ya bar mummunan rauni a waje, huhu kuwa lafiya lau. Wanda bai buɗe ba zai wuce kamar allura, dabbar ta yi tafiyar kilomitoci kafin ta faɗi, inda ba mai ganinta sai ungulu.

Akwai wani abin lura a nan. Yarjejeniyar Heg ta 1899 ta haramta amfani da harsashi mai buɗe baki a fagen yaƙi, irin wanda ya samo sunan dumdum daga wata masana'antar makamai ta Turawan mulkin mallaka kusa da Kalkata. Dokokin farauta na Birtaniya da ƙasashe da dama kuwa shi suka wajabta. Dalili ɗaya ne ya haifi hukuncin biyu: harsashin yana yin mummunar ɓarna cikin sauri. An ga cewa bai kamata a yi wa soja haka ba, tun da raunata shi ya isa ya fitar da shi daga yaƙi. Ita kuwa dabba, raunata ta shi ne mafi munin abin da za a yi mata.

Idan aka fahimci wannan, jerin zaɓin ba shi da wuyar bi. Ga barewa mai nauyin kilo 20 zuwa 100, .243 Winchester ya isa. An ƙirƙire shi a 1955 ta hanyar matse wuyan kwanson .308, wanda shi kansa ya fito a 1952, aka ɗora masa siririn harsashi mai gudu. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A Ingila da Wales doka ta sa iyaka a .240 da kimanin jul 2,300 ga yawancin bareyi, shi ya sa .243 ya zama bindigar farko ta mafarauta da yawa a can. Idan dabba ta haura kilo 150, kamar namijin jar barewa, ko kuwa babbar barewar Amurka da suke kira elk wadda takan wuce kilo 300, sai a matsa zuwa .270 ko 7x57 ko .308 ko .30-06. Jamus ta taƙaita zancen a layi biyu: jul 1,000 a nisan mita 100 ga ƙaramar barewa, milimita 6.5 da jul 2,000 ga sauran masu kofato. Tsakanin waɗannan guda huɗu da na lissafa, a nisan da yawancin mutane ke harbi, wato ƙasa da mita 200, bambancin ya fi yawa a shafukan mujallu fiye da a jikin dabba.

To me zai hana mutum ya sayi mafi girma ya huta? A nan ne nake ganin ainihin maganar take, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Duk abin da bindiga ta jefa gaba, tana mayar da kwatankwacinsa baya, a kafaɗar mai harbi. A bindigogi masu nauyi ɗaya, naushin .30-06 ya kai kusan ninki biyu na .243, na .375 kuma kusan ninki biyu na .30-06. Jiki yana koyon tsoro ba tare da izinin mai shi ba. Bayan 'yan harbe-harbe masu zafi da ƙara, ido kan fara rufewa kafin harsashi ya fita, kafaɗa ta zabura gaba domin tarbar duka, yatsa ya fizgi kunama maimakon ya matsa ta a hankali. Motsin da bai kai kaurin ƙwayar gero ba a bakin bindiga yana iya zama tazarar tafin hannu a nisan mita 150, kuma tafin hannu ɗaya ne tsakanin huhu da tumbi. Barewar da aka harba a tumbi da babbar bindiga tana wahala daidai da wadda aka harba a tumbi da ƙarama. Mafi muni, mai wannan cuta yawanci bai san yana da ita ba. Masu koyar da harbi suna da wata tsohuwar dabara: su cusa harsashin bogi a tsakiyar na gaske ba tare da ɗalibi ya sani ba. Idan ya ja kunama babu abin da ya tashi, sai kowa ya ga yadda bakin bindigar ya duƙa ƙasa, har shi kansa.

Akwai kuma batun kuɗi, wanda ke ƙara dagula lamarin. Manyan harsasai sun fi tsada, kuma harba su ba daɗi, don haka mai su ba ya yawan atisaye. Mai ƙaramar bindiga kan harba ɗari a shekara yana nishaɗi, mai babba ya harba goma yana cije baki. Ranar farauta, ba sai an faɗi wanda zai fi samun inda ya saita ba.

Marubutan farauta biyu na Amurka sun shafe shekaru suna wannan muhawara a tsakiyar ƙarni na ashirin. Jack O'Connor, wanda ya daɗe yana rubutu a mujallar Outdoor Life, ya tsaya kan .270: harsashi matsakaici, mai gudu, mai tafiya a miƙe, wanda talaka zai iya harbawa daidai. Elmer Keith, makiyayi kuma jagoran mafarauta daga jihar Aidaho, yana ganin wannan wasan yara ne; shi dai a ba shi harsashi mai kauri da nauyi wanda zai fasa ƙashi ko ta wace kusurwa aka harba. Ba su ƙaunar juna, kuma masu karatu sun rabu gida biyu har yau. Idan za a tambaye ni, O'Connor ya fi gaskiya game da yawancin mutane, Keith kuma ya fi gaskiya game da kansa. Mutum ne da ya tashi da bindiga a hannu, naushi ba ya razana shi, kuma yana farautar elk a cikin kurmi inda sau da yawa bayan dabba kawai ake gani tana shigewa. Ma'aikacin banki da ke fita daji kwana biyar a shekara ba Keith ba ne, ko da ya sayi bindigarsa.

Hujjar da ta fi gamsar da ni tana ƙasashen arewacin Turai. Mus, wato mafi girma a dangin barewa, namijinsa kan kai kilo 400 zuwa 500 a Suwidin, kuma ana kashe dubun-dubatarsu duk kaka. Harsashin da ya yi suna a wannan aiki tsawon ƙarni shi ne 6.5x55, wanda sojojin Suwidin da Norwe suka ɗauka a 1894, kuma mafarautan Amurka da yawa za su ce ya yi ƙanƙanta ko ga elk. Sirrinsa yana cikin siffarsa: dogo ne siriri, mai nauyin giram 10, nauyin ya taru a bayan ɗan ƙaramin baki, don haka yana nutsawa cikin nama kamar mashi. Naushinsa kuma mai sauƙi ne. Norwe ta ƙara da wani abu da nake ganin ya fi kowace dokar kaliba amfani: duk mai son farautar manyan dabbobi sai ya ci jarrabawar harbi kowace shekara, da bindigar da zai fita da ita, bayan ya yi harbin atisaye 30. Hukumar da ta tsara wannan ta gane cewa ana iya auna jul a ɗakin gwaji, amma hannun mai harbi sai a fili.

Masu goyon bayan ƙananan harsasai suna son kawo labarin W.D.M. Bell, ɗan Sikotland da ya yi farautar hauren giwa a yankin Karamoja na Yuganda da wasu sassan Afirka a farkon ƙarni na ashirin. Ya kashe giwaye fiye da 1,000, kusan 800 daga ciki da 7x57, wanda Turawan Ingila ke kira .275 Rigby, harsashin da yau ake ba matasa su harbi barewa. Gaskiya ne, amma a duba yadda ya yi. Ya tsaga kawunan giwaye ya nazarci inda ƙwaƙwalwa take ta kowace fuska, yana matsawa kusa ƙwarai, kuma yana amfani da harsashi mai rufin ƙarfe wanda ba ya buɗewa, domin ya huda ƙashin kai. Labarinsa ya tabbatar da cewa wurin da harsashi ya sauka ya fi girmansa muhimmanci. Bai tabbatar da cewa kowa zai iya ba. (Ba na kuma son a karanta wannan adadi ba tare da an tuna abin da cinikin haure ya yi wa giwayen nahiyar nan ba, 'yan kaɗan da suka rage mana a Yankari suna ƙarƙashin kariyar doka.)

Da an zo kan dabbar da ke iya juyowa ta kashe mai harbinta, lissafi ya canza. Ɓauna ta Afirka ta Gabas da ta Kudu takan kai kilo 600 zuwa 800, fatarta kauri, haƙarƙarinta sun hau kan juna kamar sulke, kuma idan aka raunata ta takan shiga duhuwa ta jira mai bin sawu. A nan ba a neman harsashin da zai yi aiki idan komai ya tafi daidai. Ana neman wanda zai yi aiki idan komai ya lalace, a nisan taku goma, ta gaba, ta cikin ƙashi. Shi ya sa Tanzaniya ta sa .375 a matsayin mafi ƙanƙanta ga dabbobi masu haɗari, Zimbabuwe kuma ta nemi milimita 9.2 da jul 5,300 ga giwa da ɓauna da dorina. .375 H&H, wanda kamfanin Holland & Holland na Landan ya fitar a 1912, yana jefa giram 19.4 da ƙarfin kimanin jul 5,700. Ya shekara fiye da ɗari yana riƙe da kambunsa saboda ya zauna daidai kan iyaka: ya isa ɓauna, kuma mutum mai matsakaicin jiki, idan ya yi atisaye, yana iya jure shi. Akwai waɗanda suka fi shi girma, .416 da .458 da .470, amma waɗannan galibi kayan aikin jagoran farauta ne, wanda ke tsaye a gefe domin tsayar da abin da baƙonsa ya ɓata.

Wani abu da ba a cika rubutawa ba shi ne samuwar harsashin. Kowace shekara kamfanoni kan fito da sabon suna da alkawarin ƙarin mita kaɗan na sauri. Kaɗan ne ke rayuwa. 6.5 Creedmoor na kamfanin Hornady, da ya fito a 2007, yana cikin waɗanda suka yi nasara, kuma abin dariya shi ne aikinsa kusan ɗaya ne da na 6.5x55 mai shekara fiye da 130. Wanda ya zaɓi .308 ko .30-06 zai sami harsashi a kusan kowane shagon makamai daga Alaska zuwa Namibiya. Wanda ya zaɓi na yayi yana iya wayar gari da bindiga mai tsada da ba ta da abinci.

Sauyin da ke girgiza wannan fage yanzu ya zo ne ta ɓangaren dalma. Harsashin gargajiya dalma ce a cikin rigar jan ƙarfe, kuma idan ya buɗe yakan watsa ƙananan ɓarɓashi cikin nama, wasu ido ba ya ganinsu. Mutane suna ci, tsuntsaye masu cin mushe kuma suna cin kayan cikin da aka bari a daji. Jihar Kalifoniya ta hana farauta da dalma gaba ɗaya daga Yulin 2019, musamman domin ceto wata babbar ungulu da ta kusa ƙarewa, Denmak ma ta bi sahu a 2024. Madadin shi ne harsashin jan ƙarfe zalla. Amma jan ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, don haka harsashi mai giram 6.5 na jan ƙarfe ya fi na dalma tsawo, kuma dogon harsashi yana buƙatar bututu mai saurin murɗa shi kafin ya tafi a miƙe. Yawancin bindigogin .243 da ke hannun mafarautan Sikotland ba a yi su da irin wannan murɗi ba. Sai ga dubban mutane a tsaka mai wuya: harsashin da doka ta yarda da nauyinsa ba ya tafiya daidai a bindigarsu, wanda ke tafiya daidai kuma bai kai nauyin doka ba. A 2023 gwamnatin Sikotland ta gyara dokar 1985, ta sauko da mafi ƙarancin nauyi daga giram 6.5 zuwa 5.2, ta bar sharaɗin sauri da na ƙarfi yadda suke. Hujjar ita ce jan ƙarfe ba ya tarwatsewa kamar dalma, yana riƙe kusan dukkan nauyinsa bayan ya shiga nama, saboda haka giram 5.2 nasa na iya nutsawa inda a da sai giram 6.5 ke kaiwa.